Tambaya da Amsa: Ilimi Uku a Hannun Mutum Ɗaya, Riba ce ko Rarrabuwar Hankali?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne daga unguwar Zariya a nan Maraɗi. Na kammala karatun lissafin kuɗi da tafiyar da kasuwanci, ina riƙe da takardar lisans, amma har yau ban samu aikin ofis ba. Na tashi a mangazar mahaifina, wanda yake sayen wake da aya a kasuwannin ƙauye yana kaiwa Najeriya, saboda haka na san awo da zaɓen hatsi tun ina yaro. Ina kuma jin Ingilishi daidai gwargwado, domin na zauna a wajen dangin mahaifiyata a Katsina. Yanzu ina so in ƙara sanin aikin kwamfuta, wani abokina yana jana zuwa gyaran waya, wani kuma yana cewa in koyi haɗa wutar sola domin ita ce ke kawo kuɗi. Kawuna ya ce mini taura biyu ba ta taunuwa, in riƙe abin da na karanta in ci gaba da neman aiki, in bar sauran. Shin in bi maganarsa, ko kuwa akwai hanyar da waɗannan abubuwa za su haɗu su amfane ni?

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Kawunka yana da gaskiya a kan gyaran waya da wutar sola, amma bai yi daidai ba a kan sauran. Dalili kuwa shi ne abubuwan da ka lissafa ba irinsu ɗaya ba ne. Lissafin kuɗi da sanin hatsi da Ingilishi da kwamfuta duk suna iya taruwa su yi wa mutum guda aiki a rana guda, wato ɗan kasuwar da ke sayen wake a Maraɗi yana sayarwa a kasuwar Dawanau ta Kano. Gyaran waya yana da nasa masu ciniki, wutar sola tana da nata, kuma babu ɗaya daga cikinsu da zai ƙara wa littafin wancan ɗan kasuwa tsabta ko ya rage masa asara. Ba na raina su, sana'o'i ne masu albarka ga wanda ya ɗauke su da gaske, amma a hannunka za su ci lokacin da ya kamata ka zuba a inda ka riga ka yi nisa.

Bari in nuna maka da lissafi, tunda fanninka ne, kuma misali ne kawai ba ƙidaya ba. A ɗauka cikin matasa 1000 akwai 100 da suka iya riƙe littafin kuɗi yadda ya kamata. Idan ka tsaya a nan, kai ɗaya ne cikin ɗari, kuma duk ranar da aka buɗe gurbin aiki guda za ku taru a bakin ƙofa, a zaɓi wanda ya fi kowa maki ko wanda ya fi kowa ƙafa. Idan cikin kowane goma daga cikinsu mutum ɗaya ne ya san cinikin hatsi, kun koma 10. Idan kuma cikin waɗannan goma ɗaya ne yake karanta takarda da Faransanci da Ingilishi, to saura kai kaɗai. Ka lura ba a ce ka fi kowa a ko ɗaya daga cikin ukun ba. Zama na ɗaya a fanni guda aiki ne mai wuya wanda mutum ƙalilan suke samu, amma zama mai kyakkyawan sani a fannoni uku da suke taimakon juna abu ne da mai haƙuri zai iya cimma.

Abin da ya fi ba ni mamaki a wasiƙarka shi ne yadda ka ambaci mangazar mahaifinka kamar labarin ƙuruciya, alhali ita ce mafi tsadar abin da ka mallaka. Takardar lisans ana samunta cikin shekara uku, kuma Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da sauran makarantun garin nan suna yaye ɗalibai kowace shekara. Amma mutumin da zai cusa hannu cikin buhu, ya damƙo wake ya tauna ƙwaya ɗaya ya gane bai gama bushewa ba, ya duba ya ga farin ƙwan ƙwaro manne a jikin ƙwayar tun kafin a ga huji, ya san tiyar wannan kasuwa ta fi ta waccan cika, wannan ba a koyar da shi a aji. Akantan da bai san haka ba zai rubuta buhu 200 a littafi a lokacin kaka, ya zo bazara yana neman buhu 200 masu nauyi ɗaya da daraja ɗaya, idan bai same su ba ya zargi yaran mangaza da sata. Kai kuwa ka san hatsi yana rage nauyi idan ya ƙara bushewa, ka san ɓarnar ƙwaro, ka kuma san buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, mai leda biyu a ciki, yana kashe ƙwaro ne ta hanyar hana shi iska, don haka huji ɗaya ya isa ya ɓata aikinsa. Saboda haka za ka iya gaya wa maigida, da alƙaluma, ko kuɗin sayen irin wannan buhu zai fita daga bambancin farashin kaka da na damina. Amsar wannan tambaya tana buƙatar ilimi biyu a kai ɗaya.

Wuri na biyu da iliminka yake haɗuwa shi ne canji. Kuɗinmu na sefa a ɗaure yake da yuro, yuro ɗaya a kan sefa 655.957, ita kuwa naira tana hawa da sauka, kuma kowa a garin nan ya ga yadda ta faɗi bayan gwamnatin Najeriya ta sake ta a watan Yunin 2023. Ka ɗauki misalin Alhajin da ya sayar da kaya na naira miliyan 10 bashi, za a biya shi bayan wata ɗaya. Idan ranar ciniki naira 1000 tana ba da sefa 400, kayansa sun tashi sefa miliyan 4. Idan ranar biya ta koma 360, abin da zai karɓa sefa miliyan 3 da jika 600 ne (jika ɗaya sefa 1000 ce), ya yi asarar jika 400 ba tare da buhu ɗaya ya ɓace ba. Manyan ƴan kasuwa sun san wannan a jikinsu, amma kaɗan ne suke da littafin da ke nuna musu, ciniki bayan ciniki, nawa canji ya ci, nawa kuɗin mota da dako da la'ada da duwan suka ci, nawa ya rage a matsayin riba ta gaskiya. A nan ne kwamfuta take shigowa, kuma ba wani dogon karatu kake buƙata ba. Ka iya manhajar lissafi ta Excel sosai, har ka tsara shafin da idan aka canza farashin naira a wuri ɗaya dukan lissafin zai gyara kansa. Wata biyu ko uku na aiki da gaske sun isa, muddin da alƙaluman mangazar mahaifinka kake gwaji ba da na littafin makaranta ba.

Game da Ingilishi, kada ka ɗauke shi fiye da matsayinsa, kada kuma ka yar da shi. Tsakanin Maraɗi da Jibiya da Katsina da Kano da Hausa ake ciniki, babu mai buƙatar tafinta. Inda Ingilishi yake aiki shi ne takarda: saƙon banki, rasit, takardar rakiyar kaya, yarjejeniya da kamfanonin Legas ko masu saye daga kudu. Ta ɓangarenmu kuwa takardun duwan da na haraji da Faransanci suke, kuma tsarin lissafin da ka karanta, SYSCOHADA, na ƙasashe 17 ne na ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar take ciki amma Najeriya ba ta ciki. Ma'ana akantan da ya yi karatu a Najeriya, a garin Zariya ko Kano, bai san tsarinmu ba, namu kuma yawanci ba ya karanta takardunsu. Ka ƙara da cewa kundin mulkin Nijar da aka zartar a watan Maris na 2025 ya sanya Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Shawarata ita ce ka karkata Ingilishinka zuwa karatu da rubutun takardun kasuwanci, ka bar neman iya hira irin ta ƴan fim.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a Maraɗi. Alhazan da suka kafa sunan garin nan a kasuwanci da gyaɗa suka fara, suna saye a ƙauyuka suna kai wa kamfanonin Turawa. Da gyaɗa ta durƙushe a shekarun 1970 sakamakon fari da cutar shuka, waɗanda suka tsira su ne waɗanda saninsu bai tsaya a gyaɗa ba: sun san hanya, sun san sufuri, sun san yadda ake karɓar bashi a biya, suna da abokan amana a Katsina da Kano, sai suka juya zuwa wasu kayan. Da yawansu ba su shiga lakwal ba, amma kowannensu ya tara sani iri-iri da ke taimakon juna, ya koye shi yana bara a hannun ubangida. Bambancinka da su shi ne kana da biro da takarda, su kuma suna da abin da kai ba ka samu ba tukuna, wato yarda.

A kan yardar nan nake so in daɗe, domin a nan ne masu takarda suke faɗuwa. Babu Alhajin da zai buɗe wa yaro littafin ribarsa don ya nuna masa diploma. Yana tsoron maganarsa ta fita, yana tsoron masu haraji, yana kuma ganin ya yi shekara talatin yana ciniki ba tare da kwamfuta ba bai talauce ba. Saboda haka kada ka fara da neman sanin jarinsa. Fara da mangazar mahaifinka, ka riƙe littafin shiga da fitar buhuna na kaka ɗaya cikakkiya, kowace mota da ranarta da kasuwar da aka sayo da farashin tiya da kuɗin hanya. Idan kaya suka ƙare, zauna da shi ka nuna masa wace kasuwa ce ta ba shi riba, wace ce yake zuwa don sabo kawai, wane mai saye ne jinkirin biyansa yake cinye ribar. Idan ya ga amfanin, shi da bakinsa zai gaya wa abokansa a majalisa, kuma maganar uba ɗan kasuwa ga ɗan kasuwa ta fi kowace takardar neman aiki nauyi. Daga nan ka riƙe bakinka, abin da ka gani a littafin wannan kada wancan ya ji, ko da ƴan'uwan juna ne.

Akwai kuma sharaɗin da bai kamata zancen haɗa ilimi ya rufe maka ido a kansa ba. Dole ɗaya daga cikin abubuwan nan ya yi zurfin da za a biya ka saboda shi kaɗai, kuma a wajenka lissafi ne. Mutumin da ya san komai sama-sama, idan aka haɗa saninsa sai a samu sama-sama uku, kuma kawunka irin wannan yake tsoro. Alamar zurfi mai sauƙi ce: wanda ba danginka ba ya ba ka aiki, ya biya, ya dawo. Ka iya rufe lissafin shekara ba tare da kuskure ba, ka san yadda ake yi wa ɗan kasuwa rajista da samo masa lambar haraji ta NIF, ka san tsarin lissafi mai sauƙi da SYSCOHADA ya tanadar wa ƙananan ƴan kasuwa, wanda yake bin shigar kuɗi da fitarsu. Idan kana da rauni a nan, to shi za ka fara gyarawa kafin ka ƙara wani abu.

Wannan zurfi ne kuma zai riƙe ka ranar da iyaka ta rufe, abin da garin nan ya ɗanɗana sau biyu a ƴan shekarun nan. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024. Wanda dukan saninsa ya rataya a kan motar da ke bi ta Ɗan Isa, a irin wannan lokaci hannu rabbana yake komawa. Amma masu shaguna da kantin magani da makarantun kuɗi da ƙungiyoyin manoma suna buƙatar mai riƙe musu littafi ko iyaka a buɗe take ko a rufe. Ka nemi biyu ko uku daga cikinsu tun yanzu. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, idan Allah ya kawo shi, zai ƙara buƙatar mutum irinka, amma ban ba ka shawarar ka jira jirgi kafin ka fara ba.

Abu ɗaya zan gargaɗe ka a kai idan aikin ofis ya samu. Mai ɗaukar ma'aikata idan ya gane ka iya abu uku, yakan ɗora maka aikin mutum uku a kan albashin mutum ɗaya, kai ne akanta, kai ne tafinta, kai ne mai zuwa ƙauye sayen kaya. Tun ranar farko ku yi magana a fili a kan abin da aka ɗauke ka dominsa, a rubuta. Ka kuma je wajen kawunka cikin ladabi ka gaya masa ka bar gyaran waya da sola kamar yadda ya so, sauran kuma aiki ɗaya ne za su yi.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ni matar aure ce a Bagalam, ina ɗinkin kayan mata a gida, kuma masu ɗinki sun yi yawa a unguwarmu har ana karya farashi. Na iya zanen lalle tun ina budurwa. An buɗe wani horo na haɗa sabulu da man shafawa, ƙawayena suna ta shiga. In shiga, ko in tsaya a ɗinkina?

AMSA

Barka kadai, ɗiyata. Tambayar da za ki yi wa kanki ita ce wace mace ce take shigowa ɗakinki, kuma me take nema a ranar da ta shigo. Amarya da ƙawayenta da mai jego ranar suna duk suna buƙatar ɗinki da lalle a mako guda, kuma sun fi son su same su a hannu ɗaya a cikin gida, maimakon yawo tsakanin tela da mai lalle. Saboda haka lallen da kike ɗauka wasa shi ne abin da zai bambanta ki da maƙwabtanki masu keke. Sabulu kuwa kasuwa ce dabam mai buƙatar jari dabam, da sinadarin soda mai ƙuna da sai an yi hattara da shi a gidan da ke da yara, kuma idan ƙawayenki duka suka fito da shi a wata ɗaya, karyewar farashin da kike gudu a ɗinki ita za ki tarar a can.

Ilimin da nake ganin ya fi miki amfani ba a cika kiransa sana'a ba, shi ne sanin abin da kowace riga take ci kafin ki faɗi kuɗinta. Ki sami ɗan littafi, duk ɗinkin da kika yi ki rubuta kuɗin zare da shafi da zif da duwatsun ado, da kuɗin aikin da kika kai wa mai surfani, da awannin da kika zauna a kan keke. Bayan wata ɗaya za ki ga wane ɗinki ne yake biyan wahalarsa. Sau da yawa doguwar rigar leshi mai yawan ado, wadda ake ganin ita ce mai tsada, idan aka raba ribarta a kan kwanakin da ta ci sai a tarar riga da zane na atamfa sun fi ta. Da wannan littafi za ki san inda za ki iya sassauta wa mai ciniki da inda sassauci yake nufin ki yi aiki kyauta.

Sai ɗaukar hoto da waya, wanda ba ya buƙatar horo mai tsawo. Ki rataye rigar a jikin bango marar zane, ki ɗauka da hasken safe a tsakar gida maimakon hasken fitila, a goge take ba a yamutse ba, ki sa a WhatsApp tare da hoton lallen da ya dace da ita. Kada ki sa fuskar kowa ko hannun matar aure ba da izininta ba, domin hoto ɗaya yana iya jawo rigimar da za ta kore miki dangi guda. Ki kuma shawarci maigidanki a kan shigowar baƙi da lokutan aiki tun kafin ciniki ya yawaita. Kafin azumi ki ƙidaya riguna nawa za ki iya gamawa zuwa jajibirin Sallah, ki bar kwanaki biyun ƙarshe domin masu lalle, idan adadin ya cika ki daina karɓar yadi ko na wace ce.